Ta yaya za a gane bayanin kayan aiki yana yi wa wakilin AI jagora daidai?

Ibro_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka taɓa haɗa wakilin AI (manhajar da ke yi wa mutum aiki da kanta) da kayan aiki (ƙananan shirye-shiryen kwamfuta da yake kira don yin aikin). Ina gina wani mataimaki a WhatsApp don wata ƙungiyar ƴan albasa a nan Tawa. Kayan aikinsa ba su da yawa: neman_farashi, tarihin_farashi, rubuta_bashi, biyan_bashi, aika_sako. Na rubuta wa kowanne bayaninsa, na ba wani model, wato ƙwaƙwalwar AI, ya duba ya sa maki, ya ce tara bisa goma. Amma idan ɗan kasuwa ya tambaya nawa albasa ta yi a Galmi makon jiya, sau da yawa sai wakilin ya kira neman_farashi ya kawo masa farashin yau. Shin akwai hanyar auna bayanin shi kansa, ko makin nan aikin banza ne?

Hadiza_kod:
Wa alaikumus salam. Manna mana bayanin kayan aikin farashin guda biyu mu gani tukuna.

Ibro_Tawa:
Da Faransanci na rubuta su, ga abin da suke cewa. neman_farashi: "Yana nemo farashin kayan gona a kasuwa." tarihin_farashi: "Yana nemo bayanan farashin kayan gona daga rumbun bayanai."

Hadiza_kod:
To ai ga ciwon nan a fili, Malam Ibro. Ni da nake mutum, da jimlolin nan biyu kaɗai aka ba ni, ban san wanne zan ɗauka ba. Babu inda aka ce na farko na yau ne kawai, babu inda aka ce na biyu shi ake kira idan tambaya ta shafi jiya ko bara. Shi kuma wanda ya ba ka tara, na tabbata ɗaya bayan ɗaya ka nuna masa su. Kowace jimla ita kaɗai lafiya lau take. Sai an jera su ne rikicin ke fitowa, kuma a jere wakilin yake ganinsu.

MusheSani:
Hadiza ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara don sababbin shiga. Wakilin ba ya ganin kod ɗin da ke bayan kayan aiki ko kaɗan. Abu uku ake miƙa masa: suna, bayani, da tsarin guraben da zai cike, wanda ake rubutawa da wani salon rubutu mai suna JSON Schema. Haka abin yake tun da OpenAI suka fito da kiran kayan aiki a watan Yuni 2023, haka yake kuma a MCP, ƙa'idar haɗa model da kayan aiki da kamfanin Anthropic suka fitar a Nuwamba 2024, wadda OpenAI ma suka rungume ta a Maris 2025. Saboda haka duk abin da ke cikin kanka wanda ba ka rubuta ba, a wurin wakilin babu shi.

Kamar ka ɗauki sabon yaron shago yau, ka miƙa masa ƴar takarda, ka tafi Ƙwanni ka kashe salula. Abin da takardar ta ce shi ne iyakar saninsa. In ya yi aika-aika, takardar za ka fara dubawa kafin yaron.

Tsoho_Linux:
Ni fa ban yarda da wannan ɗora wa bayani laifi ba. Model mai ƙarfi, sunan tarihin_farashi kaɗai ya ishe shi ya gane na abin da ya wuce ne. Ibro, wane model kake amfani da shi? In ƙarami ne mai arha, canza shi kawai ka huta. Kuna ta gyaran jimla alhali kan ne bai kai ba.

Ibro_Tawa:
Ƙarami ne, yaya. Ƙungiyar ba ta da kuɗin babba, kowane saƙo kuɗi ne.

Tsoho_Linux:
To ka ji.

Zara_Yamai:
Tsoho, wannan gardamar taku ana iya raba ta da gwaji, ba sai an yi ta musu ba. Kuma shi ne amsar tambayar Ibro ta asali.

Ibro, ka koma cikin saƙonnin da ƴan kasuwar suka riga suka turo, ka tsamo tambayoyi na gaske, yadda suka faɗe su, da kuskuren rubutunsu da komai. Kada ka zauna ka ƙirƙiro su da kanka, domin kai ka san sunayen kayan aikin, bakinka zai riƙa karkata wajen kalmomin da ke cikin bayanin. Gefen kowace tambaya ka rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata a sa a kowane gurbi. Ka sa har da tambayoyin da babu kayan aikin da ya dace da su, kamar wanda ya tambayi ko za a yi ruwa gobe. A nan amsar daidai ita ce kada ya kira komai. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki na jami'ar Berkeley, wato BFCL, yana da sashe musamman na wannan, domin model da yawa in dai an ba su kayan aiki sai sun taɓa ɗaya.

Daga nan sai ka riƙe model ɗin yadda yake, ka riƙe tambayoyin, bayanin kaɗai za ka riƙa sauyawa. Zagaye ɗaya da bayaninka na yanzu. Zagaye ɗaya ka share bayanin gaba ɗaya ka bar suna. Zagaye ɗaya da sabon bayani. In ka share bayani sakamako bai motsa ba, to bayanin naka ado ne kawai. In sabon bayani ya ɗaga sakamako sosai a kan ƙaramin model ɗin, Tsoho ya sha kaye. In bai ɗaga ba, Tsoho ya ci.

Tsoho_Linux:
Na yarda da wannan alƙalancin. Amma a yi shi da gaskiya, kada a zaɓo tambayoyi masu sauƙi.

Dan_Galmi:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan kwamfuta ba ne, ɗiyana ne ya sa ni cikin gurup ɗin ga, amma albasa kam cikinta anka haihe ni. Malam Ibro, abin da nika tsoro ba farashin jiya da na yau ba ne. Wurin bashin nan ne. Mu nan in mutum ya ce dala ɗari, ɗari biyar ta sefa shika nuhi. In ya ce jika goma, dubu goma ne. Na'urar taka ta san haka? In na ce mata rubuta ma wane bashin dala ɗari huɗu, mi za ta rubuta?

Ibro_Tawa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na gwada yanzun nan. Ta rubuta 400.

Dan_Galmi:
To ka gani. Jika biyu ne, 2000. Da wannan za a ɓata zumunci a kasuwa.

Hadiza_kod:
Wannan ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci. Me ka rubuta a gurbin kuɗin, Ibro?

Ibro_Tawa:
"Adadin kuɗi", lamba.

Hadiza_kod:
Kuma wannan ma mai ba da makin ya wuce shi da tara bisa goma! Ba zai taɓa kama shi ba, don bai san yadda ake ƙidayar kuɗi a kasuwar Galmi ba. Bayanin da ya yi kyau a takarda na iya zama rami a kasuwa.

Ni da ni ce, ba zan bar model ya yi lissafin da kansa ba. Gurbi biyu zan yi: ɗaya na lamba, ɗaya na ma'auni wanda zaɓinsa uku ne rak, sefa ko dala ko jika. Kod ɗinka shi zai ninka da 5 ko da 1000. A bayanin gurbin sai ka rubuta cewa a saka ma'aunin da mai magana ya ambata, in bai ambata ba a tambaye shi, kada a yi zato. Haka ma buhu. Babba ne ko ƙarami? Hatsi kuma tiya ce ko buhu?

Tsoho_Linux:
Kun gani ko? Abin da Hadiza ta kawo ba gyaran bayani ba ne, gyaran kayan aikin ne. Maganata ke nan. Jimla ba ta tsare kuɗin mutane, tsari ke tsarewa.

MusheSani:
A nan kana da gaskiya rabi, Tsoho. Akwai misalin da ya yi kama da wannan a rubutun da Anthropic suka fitar a Disamba 2024 kan gina wakilai. Sun ce lokacin da suke shirya wakilinsu don gwajin gyaran kod mai suna SWE-bench, lokacin da suka ɓata kan kayan aiki ya fi wanda suka ɓata kan babban umarnin. Model ɗin ya riƙa kuskure wajen adireshin fayil idan ya sauya jakar fayiloli, sai suka mayar da kayan aikin ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi tun daga tushe, kuskuren ya kau. To ka ga tsari ne suka gyara, kamar yadda ka ce. Amma ina model zai san ana son cikakken adireshi in ba a rubuta masa ba? Suna, bayani, gurabe, har da saƙon da kayan aiki ke mayarwa in an yi kuskure, duk magana ɗaya ce ake yi da model. Ni ban ga amfanin raba su wajen aunawa ba.

Abdul227:
Saƙon kuskuren nan mutane na raina shi. Na taɓa aiki da wani tsarin aika saƙo da in lamba ba daidai ba sai ya mayar da "kuskure 400" kawai. Wakilin sai ya yi ta maimaita kira iri ɗaya har kuɗi ya ƙare. Da aka mayar da saƙon ya zama "lambar Nijar lamba 8 ce bayan +227, ka turo 7", sai ya koma ya tambayi mutumin. Ku sa wannan cikin abin da kuke aunawa: bayan kuskure, ya gyara ko ya nace?

Aichatou_dalibi:
Don Allah tambaya daga ƙanwarku, ina shekara ta biyu a jami'ar Abdou Moumouni. Me zai hana a rubuta bayanin da Hausa tunda masu tambayar da Hausa suke yi? Balle yanzu da kundin Refondation na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa.

Maman_Illela:
Harshen ƙasa a takarda dai. Je ki biro ki ga da wane harshe za a cike miki fom.

Dan_Galmi:
Ai sannu a hankali ne. Da can ko a rediyo awa nawa anka ba mu?

Maman_Illela:
Alhaji, rediyo daban, makaranta daban. Sai ranar da yaro ya yi jarabawar lissafi da Hausa zan yarda.

Zara_Yamai:
Ƴan uwa a bar siyasar harshe zuwa wani zaren. Aichatou, tambayarki mai kyau ce kuma ita ma gwaji ke amsa ta. Model ɗin nan sun fi cin rubutun Ingilishi a horonsu nesa ba kusa ba, Faransanci na biye, Hausa kaɗan ce. Kuma jimlar Hausa takan cinye tokin, wato guntayen rubutun da ake biyan kuɗi a kansu, fiye da takwararta ta Ingilishi, ga shi bayanin kayan aiki ana tura shi ne tare da kowane kira, wato kullum ana biyansa. Abin da na ga ya fi yi mini aiki shi ne jikin bayanin da Ingilishi ko Faransanci, sannan misalan maganar mutane da Hausa a ciki: "makon jiya", "bara war haka", "kasuwar da ta wuce". Amma wannan abin da na gani ne a nawa aikin. Ki yi kwafi uku na bayanin, ki gwada su kan tambayoyi iri ɗaya.

Abu ɗaya da ba gwaji a cikinsa: sunan kayan aiki. A wurin OpenAI da Anthropic haruffan Ingilishi da lambobi da ƴar layi kaɗai ake karɓa. Shi ya sa kika ga Ibro ya rubuta aika_sako babu ƙ mai lanƙwasa.

Maman_Illela:
Tunda an dawo kan aiki, Ibro ka gwada sunan garinmu. Akwai Illela tamu ta jihar Tawa, akwai Illela ta Sakkwato da ke tsallaken iyaka daga Ƙwanni, kuma ƴan albasa duka biyun suna ambata. Ɗaya sefa ɗaya naira. Sannan wani zai rubuta Konni, wani Ƙwanni, wani Birni N'Konni.

Hadiza_kod:
Jerin zaɓi shi ne maganin wannan, kada gurbin kasuwa ya zama rubutu sake. In kasuwannin sun yi yawa, a yi wani kayan aiki na neman kasuwa da zai mayar da lambar shaida. In ya samu biyu ya mayar da biyun, wakilin ya tambaya.

Tsoho_Linux:
Kun fara ƙara kayan aiki ke nan. Kowane ƙari sabuwar ƙofar ruɗewa ce ga ƙaramin model. Ni da ma haɗe na farashin biyu zan yi su zama ɗaya, da gurbin kwanan wata wanda in ba a cike ba yau ake nufi. Rikicin da ya kawo mu nan ya mutu ba tare da an rubuta jimla ko ɗaya ba.

Hadiza_kod:
Wannan kam shawara ce mai kyau. Sai dai rikicin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yanzu sai model ya mayar da "makon jiya" zuwa kwanan wata, kuma bai san yau nawa ga wata ba sai an gaya masa.

Zara_Yamai:
Ina so in koma kan makin nan na tara bisa goma, don kada a tafi da cewa ba shi da amfani ko kaɗan. Dubawa da ido, ko na mutum ko na model, yana kama abubuwan da ke bayyane: bayanin da bai faɗi lokacin da ake kiran kayan aiki ba, wanda bai faɗi lokacin da ba a kiransa ba, gurbin da ba ma'auni, wanda bai faɗi abin da zai mayar ba, wanda bai nuna yana goge abu ko yana kashe kuɗi ba. Takardun Anthropic ma suna ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu aƙalla ga kowane kayan aiki, Ibro kuma ɗaya ɗaya ya rubuta. Wannan tacewar farko ce, mai arha. Matsalar ita ce a tsaya a nan. Kuma an daɗe da lura cewa model in aka sa shi alƙalanci yakan fifita dogon rubutu, don haka za ka iya ɗaga makinka da surutu kawai.

Sannan gwaji sau ɗaya ba ya isa. Akwai ma'aunin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024. Su ba sa duba ko wakilin ya yi magana mai daɗi, rumbun bayanai suke dubawa bayan an gama hira, ko ya zama yadda ya kamata. Kuma suna maimaita aiki ɗaya sau da yawa su ga ko zai ci duka. A lokacin model ɗin OpenAI mai suna GPT-4o bai kai rabin ayyukan ba, da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau 8 a jere a sashen ciniki kuwa sai ya faɗo ƙasa da kashi 25 cikin 100. Ku yi lissafin da kanku: wakilin da ke cin 90 cikin 100 a kowane kira, damar ya ci sau 8 ba faɗuwa kusan 43 cikin 100 ce. Ga farashi ana iya haƙuri da wannan. Ga littafin bashin Alhaji ba a iyawa.

Dan_Galmi:
Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Bashi ko sau guda anka yi kuskure, ba a sake yarda da na'urar.

MusheSani:
Ƙari kan maganar Zara: ka raba tambayoyin gida biyu. Kashi ɗaya kana gyara bayani kana dubawa da shi, ɗayan ka ɓoye shi sai ƙarshe. In ba haka ba za ka wayi gari ka rubuta bayanin da ya haddace tambayoyinka, sabon mutum ya zo da tasa maganar ya faɗi. Kuma ka zana tebur: a gefe kayan aikin da ya kamata a kira, a sama wanda aka kira. Inda lambobi suka taru ba a kan layin tsakiya ba, wato inda wanda aka kira ba shi ne ya kamata ba, nan ne bayani biyu ke cin iyakar juna. Jimillar maki ba ta nuna maka wannan.

Abdul227:
Akwai ɓangaren da ba wanda ya taɓo. Duk muna maganar bayanin da mu muka rubuta. Wanda ka ɗauko daga sabar MCP ta wani, wato kwamfutar da ke miƙa kayan aiki, fa? A Afrilu 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake cusa umarni a ɓoye cikin bayanin kayan aiki. Mai amfani yana ganin ɗan taƙaitaccen suna a allo, model kuwa yana karanta duka, har da inda aka ce ya karanto wani fayil na sirri ya tura. Kuma mai sabar na iya sauya bayanin bayan ka riga ka amince. Irin wannan bayanin in ka auna shi da "yana jagorantar wakili sosai?" zai ci maki cikakke, don kuwa yana jagorantarsa, zuwa inda ba ka so. MCP na da alamomin da ke nuna kayan aiki na karatu ne kawai ko mai gogewa ne, amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su in ba a amince da sabar ba. Ibro, in akwai abin da ka ɗauko daga waje, karanta bayaninsa kalma bayan kalma, ka adana kwafi, ka riƙa kwatantawa.

Ibro_Tawa:
Duka nawa ne, ban ɗauko na kowa ba tukuna. Amma na ji. Kuran ya ɗauke tun la'asar, da salula nake bin ku. Abin da na samu yi kafin nan: na haɗe na farashin biyu kamar yadda Tsoho ya ce, na sa kwanan watan yau cikin umarni, na raba gurbin kuɗi biyu. A ƴan tambayoyin da na gwada da hannu ya daina kawo farashin yau a madadin na makon jiya. Cikakken gwajin Zara sai wuta ta dawo.

Tsoho_Linux:
A rubuta cewa shawarata ce ta yi aiki.

Hadiza_kod:
Abu uku ya sauya lokaci guda, yaya. Ba wanda ya san wanne ne ya yi aikin. Abin da Zara ta hana ke nan.

Rabi_Madawa:
Na makara amma bari in jefa tawa. Ƴan kasuwar nan rubutu suke yi ko murya suke turowa? Domin namu na Madawa kusan duka murya ne. In murya ce, kafin magana ta kai ga wakilin ta riga ta bi ta na'urar mayar da murya rubutu, kuma Hausar Adar ba ita waɗannan na'urori suka fi sabawa da ita ba. "Jika" na iya fitowa wani abu daban. Sai ku yi ta gyaran bayani alhali tun daga ƙofa aka ɓata saƙon.

Ibro_Tawa:
Gaskiya yawanci murya ce, Malama Rabi.

Zara_Yamai:
To gwajin ya zama hawa biyu. Ɗaya da rubutun da mutum ya saurara ya rubuta daidai, shi ke auna bayanin. Ɗaya da abin da na'urar ta fitar, shi ke auna abin da ɗan kasuwa zai gani. Kada a gauraya su. Kuma duk ranar da kamfanin ya sabunta model ɗin, a sake duka daga farko, don bayanin da ya dace da na yau ba lalle ya dace da na gobe ba.

Aichatou_dalibi:
Wa zai zauna ya saurari muryoyin nan duka ya rubuta? Kuma masu muryar sun yarda a yi amfani da saƙonsu, alhali akwai sunayen masu bashi a ciki?

MusheSani:
Tambayar da ya kamata mu manya mu fara yi ke nan. Ibro, sai ka nemi izinin ƙungiyar, ka cire sunaye da lambobi kafin kowa ya gani. Rubutawar kuma in an samu izini ina da ɗalibai biyu da za su so aikin, amma ba kyauta ba.

Dan_Galmi:
Ni dai ko ta ci gwajinku duka, kahin ta rubuta bashi ta karanto mani abin da za ta rubuta in ce i. In babu wannan ba ni sa ta cikin lissahina.

Tsoho_Linux:
Kuma wannan, Hadiza, a kod ake sa shi, ba a bayani ba. In ka rubuta "ka tambaya kafin ka rubuta" a bayani, wata rana zai manta.

Hadiza_kod:
A sa a duka biyun. Ibro, in wuta ta dawo ka mayar da tsohon tsarin ka sauya abu ɗaya ɗaya, sannan ka turo mana teburin da Mushe ya ce. Ina so in ga layin rubuta_bashi da biyan_bashi musamman, don "na ba shi jika biyar" na iya zama kowanne daga cikinsu.